Tsakanin "Da" da "Ko": Waiwaye a kan Zaɓen Kwaddibuwa na 2010

Da yammacin Asabar, 4 ga Disamba 2010, kawuna ya bugo mini waya daga Abijan. Ƙanin mahaifiyata ne, ya bar gida tun ban yi wayo ba, ya bi 'yan goro, daga baya ya kafa rumfar takalma a kasuwar Ajame. A can ya yi aure, a can aka haifi 'ya'yansa duka. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, yau mun wayi gari da sarki biyu." Yana faɗa yana dariya, amma daga jin muryarsa dariyar ba ta kai ciki ba. A ranar ce Laurent Gbagbo ya yi rantsuwar kama mulki a fadar shugaban ƙasa, Alassane Ouattara kuma ya yi tasa daga otal ɗin Golf, inda sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suke gadinsa. Na ce, "Kawu, ai ƙuri'a ta riga ta raba gardama, saura kawai a bi abin da ta ce." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Wace gardamar?"

Na daɗe ina jujjuya wannan tambaya tasa. Da yake harshe ne sana'ata, daga kalmar na fara. Mun ari "ƙuri'a" daga Larabci tun kafin Turawa su zo mana da akwati, kuma mun aro ta ne tare da sharuɗɗanta. A fiƙihun Malikiyya, idan za a raba gona ko gida tsakanin magada, sai an fara tabbatar da su wane ne magadan, a ƙimanta dukiyar, a daidaita kaso, sannan a jefa ƙuri'a don a san wanda zai ɗauki wanne. Haka na taso na ga ana yi a watanda a garinmu gab da ƙaramar salla. Mutum goma sha biyu sun haɗa kuɗi, an yanka sa, mahauci ya kasa nama kashi goma sha biyu a kan ganye. Kowa ya kawo alamarsa, wani tsinke, wani ɗan dutse, wani guntun kara, a miƙa wa yaron da bai ga lokacin da aka zaɓi alamomin ba, ya bi kashi-kashi yana ajiyewa. Ban taɓa ganin an yi faɗa bayan yaron ya gama ba. Idan za a yi rigima, tun kafin a kasa naman ake yin ta: wane bai cika kuɗinsa ba, wane ya sa ƙaninsa cikin lissafi ba da sanin jama'a ba. Irin wannan rigimar ba wanda yake kai ta gaban yaron, don an san ba aikinsa ba ne.

To, ita ce rigimar da mutanen Kwaddibuwa suka kai gaban akwatin zaɓe.

Félix Houphouët-Boigny, wanda ya mulki ƙasar daga 1960 har rasuwarsa a Disamba 1993, ya gina arzikin koko da kofi a kan guminsu baƙi. Ya buɗe ƙofa ga mutanen Burkina Faso da Mali da Gini da sauransu, ya kuma ɗauki matsayin cewa gona ta wanda ya nome ta ce. Ƙidayar 1998 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna ƙasar ana lissafa su a matsayin baƙi, alhali da yawansu a nan aka yanke musu cibiya. Muddin koko yana da daraja, ba a cika tambayar mutum asalinsa ba. Da farashi ya faɗi, tsoho kuma ya kwanta dama, sai magajinsa Henri Konan Bédié ya fito da aƙidar nan ta "asalin zama ɗan Kwaddibuwa". Manufarta ta kusa ita ce a tare wa Ouattara hanya, bisa zargin cewa shi ɗan Burkina ne. Amma takobin ya wuce wuyan mutum ɗaya. Duk mai suna irin na arewa, Musulmi, mai jin Julanci, ya zama abin tuhuma a shingen 'yan sanda, ko da kakanninsa a Korogo aka binne su. Dokar filaye ta 1998 ta keɓe mallakar gonar karkara ga 'yan ƙasa, saboda haka takardar shaidar ɗan ƙasa ta zama ita ce takardar gona. (Abin dariya, ko abin kuka, katin zama da aka ɗora wa baƙi irin su kawu, an ƙirƙiro shi ne a zamanin da Ouattara kansa yake firaminista.)

Mu masu nazarin harshe ya kamata mu daɗe a kan abin da ya faru a 2000. Lokacin rubuta sabon tsarin mulki a ƙarƙashin Janar Robert Guéï, ƙasar ta shafe watanni tana jayayya a kan harafin haɗi guda ɗaya. Shin ɗan takarar shugabanci sai uwarsa da ubansa sun kasance 'yan asalin ƙasa, ko kuwa uwarsa ko ubansa ya wadatar? "Da" ta yi nasara, aka rubuta ta a sashe na 35, kotun ƙoli ta cire Ouattara daga takara, Gbagbo ya hau mulki a Oktoba na wannan shekara. Bayan shekara biyu, ranar 19 ga Satumba 2002, sojoji suka yi bore, ƙasa ta rabe biyu, 'yan tawaye suka yi hedikwata a Buwake. Ba na jin akwai wani darasi na ginin jimla da ya taɓa ci wa al'umma rai kamar wannan.

Daga nan duk wani zaman sulhu, daga na Marcoussis a Faransa a 2003 zuwa na Wagadugu a Maris 2007, kalma ɗaya yake ƙarewa da ita, wato zaɓe. Wa'adin Gbagbo ya ƙare tun 2005, aka yi ta ɗage rana. Ni ma a lokacin ina cikin masu ganin jinkirin ne kaɗai cutar, da zarar an kaɗa ƙuri'a za a warke. Kuma a gaskiya an yi aiki. Alƙalai sun bi ƙauyuka suna ba marasa takardar haihuwa shaida, an bar Ouattara ya tsaya, a zagayen farko na 31 ga Oktoba 2010 fiye da kashi 80 cikin 100 na masu rajista sun fito. Kafin zagaye na biyu 'yan takarar biyu sun tsaya gaban talabijin sun yi muhawara cikin ladabi. Kawu ya ce mini a daren an yi ta tafi a unguwarsu.

Sai dai 'yan tawaye ba su ajiye makamai ba, matasan da ke goyon bayan Gbagbo su ma ba su watse ba. Kowane ɓangare ya shiga rumfar zaɓe da bindigarsa a jingine a bakin ƙofa. Bayan zagaye na biyu na 28 ga Nuwamba, duniya ta ga wani wakilin ɓangaren Gbagbo a hukumar zaɓe ya fizge takardun sakamako daga hannun kakakin hukumar ya yayyaga a gaban 'yan jarida. Ranar 2 ga Disamba shugaban hukumar, Youssouf Bakayoko, ya sanar cewa Ouattara ya sami kashi 54.1. Washegari majalisar tsarin mulki, ƙarƙashin Paul Yao N'Dré, ta soke ƙuri'un gundumomi bakwai da ke yankin 'yan tawaye, ta ba Gbagbo kashi 51.45. Dokar zaɓe ta ce idan maguɗi ya kai ya ɓata sakamako, a soke zaɓen baki ɗaya a sake. Majalisar ba ta yi haka ba, ta zare arewa kawai ta ƙirga saura. Wanda ya san tarihin "da" da "ko" ya san abin da ɗan arewa ya ji a ranar. An shekara goma sha shida ana ce masa ba a tabbatar shi ɗan gida ba ne, ya yi layi ya kaɗa ƙuri'a, aka sake faɗa masa maganar da alƙaluma.

Ra'ayina, kuma shi ne abin da wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, Choi Young-jin, ya tabbatar bayan ya duba takardun rumfuna, Ouattara ne ya ci. Amma ba ƙidayar ce ta zaunar da shi ba. An yi wata huɗu ana kisa. A Abobo an harbe mata bakwai masu zanga-zanga a farkon Maris 2011. A Duwekuwe, ƙarshen watan, dakarun da ke yaƙi da sunan Ouattara sun kashe ɗaruruwan mutane. A shingayen da matasa suka kafa a Abijan, suna da lafazi su ne hukunci, an ƙone baƙi 'yan Afirka ta Yamma da ransu. Kawu ya rufe rumfa, ya hana 'ya'yansa maza fita, su da ba su da ƙuri'a a zaɓen ma. Ranar 11 ga Afrilu aka kama Gbagbo a gidansa, bayan jiragen Faransa da na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi luguden wuta. Kimanin mutum 3,000 suka mutu. Kwana biyar bayan haka muka yi namu zaɓen shugaban ƙasa a Nijeriya, sai ga kawu yana bugo waya yana tambayar ko mu muna lafiya, don ya ji abin da ya biyo baya a Kaduna.

Wani abokin aikina, masanin kimiyyar siyasa, yakan ƙalubalance ni idan na kawo wannan magana. Yana cewa, in ba zaɓe ba, me za a yi? A bar masu bindiga su raba ƙasa a teburi, talaka yana kallo? Kuma yana da hujja, don ni ma ban san wata hanyar da ta fi ta adalci wajen naɗa shugaba ba. Yakan kawo misalin Afirka ta Kudu a 1994, inda aka yi ƙorafin maguɗi a KwaZulu-Natal amma ƙasa ta tsaya. Ni kuma ina ganin misalin nawa ne. Kafin a kafa akwati ko ɗaya an shafe shekaru ana zama, an amince da tsarin mulkin wucin gadi, an yarda cewa baƙi da fari duk 'yan ƙasa ne, an kuma tanadi gwamnatin haɗin kai yadda wanda ya zo na biyu zai sami kujerar mataimakin shugaba. An san masu watandar, an kasa naman, saboda haka ko da hannun yaron ya ɗan karkace, an iya haƙuri. A Kwaddibuwa wanda ya faɗi ya san zai rasa mulki, magoya bayansa suna tsoron rasa gona, wasu suna tsoron rasa ƙasar ɗungurungum. Mai irin wannan tsoro ba ya sauraron kashi 54 da kashi 46.

Abin da ya biyo baya bai sa na canza ra'ayi ba, ko da yake ya rage mini kaifin baki. Abijan ta farfaɗo, an gina gadoji, kasuwa ta buɗe, kuma zaman lafiya ko na dole ne ya fi abin da aka gani a Abobo. Tsarin mulkin 2016 ya mayar da "da" ta koma "ko". Kotun duniya da ke Hague ta wanke Gbagbo a 2019, ya koma gida a 2021. Amma ba a ga manyan kwamandojin ɓangaren da ya yi nasara a gaban wannan kotu ba, kuma da Ouattara ya nemi wa'adi na uku a 2020, 'yan adawa suka ƙaurace, aka sake zubar da jini.

Kawu ya tsufa yanzu, babban ɗansa ne a rumfar. A Afrilu 2025 ya aiko mini da saƙon murya, ya ce in saurari labarai. Wata kotu a Abijan ta cire Tidjane Thiam, jagoran babbar jam'iyyar adawa, daga rajistar masu zaɓe, bisa hujjar cewa ya rasa zama ɗan ƙasa tun lokacin da ya karɓi takardar Faransa a 1987. Mahaifiyar Thiam daga gidan Houphouët-Boigny ta fito. A ƙarshen saƙon kawu ya ce, "Ka gani ko, ɗana? Yanzu kuma jikan mai gidan ake tambaya takarda."