Turken Da Ba Shi Da Ƙugiya

Ni Bayarabe ne, kuma a bakin masu sayar da albasa a Sabo ta Ibadan na fara tsintar Hausa. Sai da na zo jami'a sannan na san cewa "kafa" daban, "ƙafa" daban. A shekarata ta farko malaminmu na ƙa'idojin rubutu ya zabge mini maki a jinga ɗaya saboda na bar ƙ da ɗ da ɓ ba ƙugiya. Tun daga ranar na zama ɗan sandan ƙugiya, ko a saƙon waya ba na yafe ta.

A hutun da ya wuce wani abokina mai karatun kwamfuta ya ja ni aikin sa kai, wato fassara littafin jagora na wata buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa yake iya duba cikinta ya yi gyara. An rubuta littafin da Markdown, tsarin da John Gruber ya fito da shi a 2004. Na yi mako biyu ina fassara, na miƙa aiki ina ta murna. Kashegari aka ce duk mahaɗun da ke cikin shafin sun mutu, in ka latsa ba sa kai ka ko'ina.

Ashe kowace mahaɗa tana da wurin da take sauka a cikin shafi, ni dai turke nake kiransa, domin a nan ake ɗaure ta. A GitHub, na'ura ce take sassaƙa turken daga taken sashe: ta mayar da manyan haruffa ƙanana, ta sa karan ɗori a gurbin sarari, ta zubar da alamomin rubutu. Da na mayar da take Hausa, sai turke ya sauya, igiya kuwa tana can tana neman tsohon.

Na ce abu mai sauƙi. Na bi mahaɗun ɗaya bayan ɗaya na ɗaure su a sababbin turaku na Hausa, da ƙugiyarsu cif. Da na kwafi adireshi na aika wa abokina, sai ga ƙ ta zama %C6%99, ɗ kuma %C9%97, kamar an yi ɓarin gero. Wannan na jure, tunda yana aiki. Amma bayan kwana uku wani ɗan sa kai daga Nijar ya gyara "'yan" ya mayar da shi "ƴan", kamar yadda ake rubutawa a can, sai mahaɗa huɗu suka sake mutuwa. Ba laifinsa ba ne, shi ma malaminsa yake bi.

Mai kula da aikin ya ba da shawara a daina dogara da take, a kafa wa kowane sashe turke da hannu ta hanyar HTML. Nan ma aka ɗan yi gardama tsakanin "name" da "id". Tsofaffin hannu sun saba da na farko, amma ƙa'idar HTML5 ta 2014 ta ɗauke shi tsohon yayi a wannan aikin, ko da yake manhajojin shiga intanet suna gane duka biyun. Aka zaɓi "id". Abin da ya ci mini rai shi ne sharaɗin da ya biyo baya: turken zai zauna da Turanci a kowace fassara, kuma ba mai taɓa shi.

Na yi musu sosai. Na ce yaya za a yi shafin Hausa a kafe shi da Turanci? Ya ce mai karatu take yake gani, ba turke ba, kuma wanda ya ajiye adireshi bara yana da haƙƙin ya same shi bana. Na rasa amsa. Na kuma lura cewa sai bayan an kafa turakun ne na samu sakewa, na sauya wani take har sau uku ina neman Hausar da ta fi daɗi, ba abin da ya karye.

Yanzu a saman "Yadda Ake Girka Manhajar" akwai kalmar "installation" a ɓoye, ni na rubuta ta da hannuna. Har yau ban gaya wa malam ba.