Takarda ba ta da murya, sai ka ara mata taka



Ni dai duk abin da na rubuta, ba na cewa ya kammala sai na karanta shi a gaban mutane. Da yawa cikin waɗanda nake rubutu dominsu ba su yi lakkol ba, har da mahaifiyata. Da kunne suke karatu, a rediyo ko a saƙon murya na WhatsApp. Mai riƙe da takarda in bai gane ba sai ya koma baya. Mai saurare kuwa, in magana ta wuce shi, ta wuce ke nan.

Ga shi rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Garin zama da garin tuwo, kukar miya da kukan yaro, farin zane da farin da ke ƙone hatsi, duk kamarsu ɗaya a takarda. Bakinka ne zai raba su.

Shi ya sa tun jajibiri nake gwada karatun a fada, ana shan shayi. Jimlar da numfashina ya ƙare ita ba ta ƙare ba, sai in raba ta biyu. Kalmar Faransanci in nemo mata Hausarta. Kuɗi kuma in faɗe su da lissafin kasuwa: 500 F dala ɗari ce, don in ka ce "ɗari biyar", mai tuyar ƙosai 2.500 F za ta ji.

In na tsaya gaban jama'a, nakan tuna da masu jan baƙi a tafsirin azumi. Ba sa gaggawa, sun san inda ake tsayawa. Nakan ɗaga kai in dubi mutane. In wani dattijo ya ce "ƙwarai kuwa", sai in dakata, in bar maganar ta zauna. In na ga an fara latsa salula, to wurin nan ya yi tsawo, in tsallake.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. To, marubuci, kar rubutunka ya tsaya a hannun ƴan boko kaɗai. Ka karanta wa tsohuwarka shi yau da dare. Inda ta ce "me ka ce?", nan ne gyara yake.

Allah ya sa mu dace.