Famfon feshi ya cije

Dungas garin noma ne. Yana kudu da Damagaram, kusa da iyakar Najeriya. Da can yana cikin gundumar Magarya. A shekarar 2011 ya zama gunduma mai zaman kanta. A nan ana noma hatsi da dawa da gyaɗa da riɗi da wake.

Wake yana da abokan gaba. In ya fara fure, sai ƙwari su auka masa. In ba a yi feshi kan lokaci ba, furen ya zube, manomi ya tashi da harawa kawai. Shi ya sa famfon feshi yake da daraja a damana.

Wani manomi yana da irin wannan famfo, mai cin litir 16, wanda ake goyawa a baya. Yana da hannu a gefe. In an ɗaga hannun an danna, sai fistin ya yi sama da ƙasa cikin bututu. A kan fistin akwai roba. Ita ce take tare iska, ta tura magani cikin tiyo.

Wata safiya, ana tsakiyar feshi, hannun ya cije. Ba ya sama, ba ya ƙasa. Ga rabin gona ba a taɓa ba. Ɗan ƙanwar manomin yana zaune nesa, gindin gawo. Ya ce:

— Kawu, in ɗauko dutse mu buga shi?

— A'a, ɗana. In mun buga, ƙarfen zai lanƙwashe. Abin da ya cije yana da dalili. Dalilin za mu nema.

Manomin ya sauke famfon. Da farko ya matsa kunama har iskar ciki ta fita duka. Wanda ya buɗe famfo da iska a ciki, magani yana iya fantsamar masa a ido. Ya sa safar hannu, ya juye sauran maganin cikin jarka, ya ɗauraye tanki sau 3, nesa da rijiya. Yaron bai taɓa komi ba, don maganin ƙwari guba ne.

Sannan ya kwance hannun, ya zaro fistin a hankali. Ya duba ƙarfen: a miƙe yake. Ya leƙa bututun: akwai rairayi da busasshen magani. Ya wanke da ruwa da sabulu. Ya duba robar: ta kumbura, ta cika bututun.

— Ka gani? Maƙwabcin da ya are shi jiya ya shafa mata baƙin mai na mota. Wannan mai yana kumbura wasu robobi.

Ya ciro sabuwar roba daga aljihu, ya sa. Ya ɗiga mata man gyaɗa kaɗan, ya mai da komi wurinsa. Ya gwada da ruwa zalla. Hannun ya yi laushi. Kafin rana ta yi zafi, ya gama gonar.

Ba famfo kaɗai yake cijewa haka ba. A Amurka akwai wata bindiga wadda ba ta cin albarushi. Iska ce take tura ƴan ƙwallaye masu fenti a ciki. An ƙera ta don sa wa itatuwa da shanu alama daga nesa. A shekarar 1981, mutum 12 suka yi wasa da ita a jihar Niyu Hamsha. Yanzu ana wannan wasa a ƙasashe da yawa. Faɗin ƙwallon kamar milimetir 17 ne. Yana gudun wajen metir 90 a daƙiƙa. Saboda haka ba a wasan sai da abin kare fuska.

A cikin bindigar akwai wani abu mai kai da komowa kamar sakatar ƙofa. Shi ma yana da zobban roba. In ƙwallo ya fashe a ciki, fenti ya bushe, sai sakatar ta cije. Haka ma in roba ta kumbura ko ta bushe. Mai gyara yakan fara cire tulun iska. Sannan ya zaro sakatar, ya goge ta, ya sake robar da ta lalace, ya shafa man da aka yi dominta.

Hanyar ɗaya ce, a Dungas ko a Amurka: a fid da iska, a kwance, a wanke, a duba, a gwada. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Don me manomin ya ƙi a buga hannun famfo da dutse?
2. Mi ya fara yi kafin ya buɗe famfon?
3. Mi ya kumbura robar?
4. Faɗi wani abu na gidanku da ya taɓa cijewa. Yaya aka gyara shi?