Linzami a Hannun Yaro

Tun zamanin da, makarantar hawan doki a ƙasar Hausa ita ce barga. Ba ta da allo, ba ta da ƙararrawa, kuma ba wanda ya ke zuwa duba malamanta ya ga ko sun iya koyarwa. A gidan sarauta akwai Shamaki da zagage da 'yan barga, a gidan attajiri kuwa akwai mutum guda wanda a ke bar wa dawaki, shi ne mai ba su dusa da kanwa, shi ne mai ɗaura sirdi, shi ne kuma a kan miƙa wa yaro a ce ya koya masa hawa. In yaro ya yi sa'ar malami, sai ka gan shi ran salla zaune bisa ingarma kamar an dasa shi, jama'a na yabon ubansa, ba mai tambayar wa ya koya masa. In kuwa bai yi sa'a ba, to, labarin a jikinsa ya ke zama, shi kaɗai ya ke ɗauke da shi har tsufa.

A Balan, cikin ƙasar Gaya, gabas da birnin Kano, akwai wani dattijo manomi wanda irin wannan labari ya ke jikinsa. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka ƙasa da ta dama, kuma in hunturu ya shigo ta kan tuna masa da kanta. Mutum ne da ya san doki ƙwarai, ya kan dubi haƙoran dabba ya faɗi shekarunta, ya kan ji tarin doki daga bayan danga ya ce ƙura ce a harawa. Amma tsararrakinsa duk sun shaida ba su taɓa ganin ya yi sukuwa ba.

Ubansa talaka ne mai rufin asiri, yana da goɗiya guda wadda ya ke zuwa kasuwa da ita. Babban burinsa shi ne ya ga ɗansa cikin mahaya ran hawan salla a Gaya, ko da a can ƙarshen ayari ne. Saboda haka a 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ya ɗauki yaron, yana ɗan shekara 12, ya kai shi gidan wani attajiri mai dawaki 5, ya damƙa shi ga mai kula da bargar. Ya haɗa da damin gero da kaza, ya ce, "Maigida, ga ɗanka nan na kawo maka. Ka koya masa abin da Allah ya sanar da kai." Mai barga ya dubi yaron sama da ƙasa, ya ce Allah ya sa yana da zuciya.

Wata 4 yaron bai taka likkafa ba. Aikinsa yankan ciyawa, da kwashe kashin dawaki, da jan ruwa, da cire kaska. Wannan ba laifi ba ne, haka a ke farawa ko'ina, kuma dattijon da kansa ya kan ce duk abin da ya sani game da doki a waɗannan watanni ya tsince shi. Abin da ya rasa shi ne magana. Mai bargan ba ya bayani. In yaro ya ɗaura majayi ya yi sako-sako, sai mari. In ya tsananta, sai mari. Ba a taɓa ce masa ya sa yatsu biyu tsakanin majayi da cikin doki ya auna ba. Sai ya zama yaron yana koyon fuskar malami maimakon ya koyi doki, yana lura da lokacin da gira za ta haɗe don ya kauce.

Ranar da aka ce zai hau, ba a kawo masa tsohuwar goɗiya ko ƙuru mai sanyin hali ba. Aka fito da wani akawali, ingarma, wanda ya kwana 3 a turke yana cin dawa ba a fita da shi ba. Aka ɗaura masa sirdi, aka sa linzami, aka ɗaura wa yaro ƙaimi a duga-dugansa, aka cilla shi sama. Likkafa ta yi masa tsawo, ƙafarsa ba ta kai ba.

Sai an san yadda linzamin ƙasar nan ya ke kafin a gane abin da aka yi wa yaron. Maƙera ke ƙera shi, Gaya kuwa garin maƙera ne tun fil azal, har tarihin Kano ya nuna Abagayawa, maƙeran da suka zauna gindin Dala don neman tama, daga nan suka tashi. Linzamin nan yana da wani ƙarfe kamar harshe a tsakiya wanda ya ke kwanciya cikin bakin doki, da zobe wanda ya ke zagaye muƙamuƙin ƙasa. In mahayi ya ja kamazuru, harshen ya tashi ya tokare ganɗa, zoben kuma ya matse haɓa, duka a lokaci guda. Jan da bai fi na ɗaga ƙoƙon ruwa ba ya isa ya durƙusar da ingarma. Don yaƙi aka yi shi. Tun zamanin Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410 kuma aka ce shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali, barde yana bukatar hannu guda ga mashi ko takobi, saboda haka dole ɗayan hannun shi kaɗai ya iya tsai da doki nan take. Shi ne kuma ya sa a wajen jahi za ka ga mahaya sun taho a guje, su yi zamiya gaban sarki kamar an datse su. A hannun gwani linzamin nan ba ya cutar doki, gama da ƙyar ya ke taɓa shi, da gwiwa da zama ya ke yin yawancin magana. A hannun mai koyo kuwa aska ce aka ba jinjiri.

Mai barga ya koma baya, ya tsula wa akawali bulala a gindi. Doki ya zabura. Yaro ya yi abin da kowane mai jin tsoro ya ke yi, ya ƙanƙame da ƙafafu, ya riƙe kamazuru iya ƙarfinsa don kada ya faɗi. Ƙafafun nan kuwa da ƙaimi, suna ce wa doki tafi; hannu da linzami yana ce masa tsaya. Dabba ta rasa wanda za ta bi, ta miƙe tsaye bisa ƙafafun baya, ta juya, ta yi tutsu, ta watsar da shi jikin turke. Da ya farfaɗo, abin da ya fara ji shi ne dariyar 'yan barga, da muryar malam yana cewa ba a iya hawa sai an sha ƙasa. Aka kai shi wurin mai ɗori. Ƙashi ya kama, amma a karkace.

Maganar nan ta shan ƙasa da gaskiya a cikinta, don ba mahayin da bai taɓa faɗuwa ba. Amma akwai faɗuwar da ta ke zuwa da kanta cikin koyo, akwai kuma wadda malami ya shirya tun da safe don ya ga ko yaro zai yi kuka. Ta biyun ba ta koya kome sai tsoro, tsoro kuwa doki yana jinsa a cinyar mahayi tun kafin a bar ƙofar gida.

Ba lalle ne a ce mai bargan nan mugu ne ba. Haka aka yi masa shi ma yana yaro, ya kuwa tsira, sai ya ɗauka bulalar ce ta koya masa, ya manta da yaran da suka fara tare da shi suka gudu. Akwai kuma wani dalili wanda ba a faɗa a fili: bara ne, abincinsa ya rataya ga zama shi kaɗai ke iya akawalin maigida. Yaron ƙauye ya zo ya hau dokin nan lafiya cikin wata 4, ina darajarsa? Malamin da ke tsoron almajirinsa ya iya, da wuya ya buɗe masa ƙofa duka.

Dawakin ma ba su tsira ba. Dattijon ya kan tuna cewa duk na bargar nan gefen bakinsu a tsage ya ke, kumfar da su ke fitarwa ran hawa da ja-ja a cikinta, mutane na kallo suna cewa doki ya yi zafi. Biyu suna da miki a baya ƙarƙashin zubuka, a kan shafa musu mai a mai da sirdi a kai. In mai barga ya doso, sai ka ga kunnuwa sun kwanta baya, kowane doki ya juya masa gindi. Bakin da aka saba fizga kullum ya kan mutu, sa'an nan a ce doki ya yi taurin baki, a je wurin maƙeri a ƙara wa linzami kaifi.

A birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya akwai wata tsohuwar makarantar hawa wadda ta haura shekara 400, inda a ke horar da fararen dawaki. A can, sabon almajiri ya kan daɗe yana hawa ba likkafa, ba a kuma ba shi kamazuru. Malami ke tsaye tsakiya riƙe da doguwar igiya, doki na zagaya shi, har sai yaro ya iya zama da kansa ba tare da ya rataya a bakin dabba ba. Wannan dabara kuwa ba sai an je Turai ba. Tsofaffin mahayan ƙasar nan sun san ta, da ragama su ke yinta.

Wanda ya nuna wa yaron haka wani tsoho ne a Balan, wanda ya yi zagi a ƙuruciyarsa har ƙafa ta gaza. Da ya ga yaron ya dawo yana ratse hanya in ya hangi doki, sai ya ce wa uban ya bar masa shi. Ya ce, "Jikana, ba hawa za ka yi ba. Goɗiyar babanka za ka riƙa kai mini rijiya." Kwana da kwanaki yana janta a ƙasa. Daga baya tsoho ya ce ƙafa za ta gaji, ya ɗare mana, ga ragama, ba sirdi, ba ƙaimi. Goɗiya ta san hanyar rijiya, ba ta bukatar a gaya mata kome, saboda haka yaro bai sami abin yi da hannunsa ba sai ya sake shi. Tsohon yana tafe a gefe yana dogara sanda, yana magana: ka sauke kafaɗa, ka dubi inda za ka, kada ka dubi wuyanta, ka ji ƙafar da ta ke ɗagawa. Kafin rani ya ƙare yaro yana juya ta da gwiwa.

Da an sami shekara guda a haka, watakila da tsoron ya fita duka. Amma shekarun fari ne, damina ta ƙi, gero ya yi tsada, dabba ta zama kaya. Uban ya ja goɗiya ya sayar, ya auno hatsi. Tsohon zagi ya rasu ba da daɗewa ba. Yaron ya girma yana iya hawa a hankali, yana iya tafiya da doki duk inda a ke so, amma da zarar dabba ta ɗaga ƙafa za ta sheƙa, sai hannunsa ya ƙanƙame da kansa, ya sauko. Uban ya mutu bai gan shi cikin hawan salla ba, kuma bai taɓa yi masa gori ba, abin da dattijon ya ce ya fi gorin ciwo.

Yanzu babur ya karɓe aikin doki a ƙauyukan Gaya da Ajingi, ba mai zuwa kasuwar Wudil ran Juma'a bisa goɗiya. Amma sha'awar hawa ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa. A 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada, samari kuwa kowa so ya ke a ɗauki hotonsa bisa doki ran angwanci. Saboda haka wata sabuwar barga ta fito, ta masu ba da hayar dawaki, waɗansunsu kuma su kan karɓi kuɗi su ce za su koya wa saurayi hawa cikin mako guda kafin biki. Akwai na kirki a cikinsu. Amma wanda ya yi alkawarin mako guda ba shi da lokacin ragama, dole ya fara da linzami da ƙaimi, a kan dokin da mutum 10 suka fizgi bakinsa cikin wata.

Jikan dattijon, ɗan shekara 15, ya zo masa da irin wannan magana, ya ce abokansa sun sami wani mai koyarwa a cikin gari, har ya tara kuɗin. Dattijo bai hana ba, ya ce su je tare ya gani. Da suka isa bai tambayi mai dawakin kome ba bayan gaisuwa. Ya ɗaga leɓen doki na farko ya duba, ya sa tafin hannu ya bi bayan na biyu, sa'an nan ya tsaya gefe ya jira har mai su ya matso kusa da turke, yana kallon kunnuwansu. Ya yi godiya, ya ce sai sun yi shawara.

A hanya yaro ya ce, "Kaka, ai ba ka ko ji kuɗin ba." Ya ce ya ji abin da ya zo ji.

Bayan kaka ya sayar da buhunan gyaɗa da ɗan bijiminsa, ya sayo wata goɗiya bidi wadda ta manyanta, haƙora duk sun zube gaba, irin wadda samari ke dariya in sun gani. Jikan yana kai ta ruwa safe da yamma da ragama, tsoho na biye a ƙasa yana magana. Linzamin da aka haɗa musu da ita wajen ciniki yana rataye a zaure, kuma duk ran da yaron ya tambayi yaushe za a sa mata, sai a ce masa a bari damina ta wuce tukuna.