Bakanike na gari da kuɗin da masu mota ba sa son biya

Cikin tambayoyin da malaman jami'a ke yi wa juna, babu wadda ake amsawa da taka-tsantsan kamar wannan: "Wa ke gyara maka mota?" Mutum zai ba ka sunan telansa ba tare da ya yi jim ba, amma idan aka zo kan bakanike sai ya haɗa da sharaɗi: "Ya iya aiki, amma kada ka bar masa motar ka tafi." Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, kuskuren bakanike ya zama abin da ke taɓa cefanen gida da kuɗin makarantar yara.

Da yawa daga manyan kanikawanmu sun koyi sana'a ne a zamanin Peugeot 504 da 505, waɗanda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975. Akasarinsu masu kafireta ne, gwani kan gane ciwonsu da kunne da hanci. Motocin da muke hawa yau kuwa, galibi na hannu daga Amurka da Turai, kwamfuta ce ke auna man da iskar da injinsu ke sha. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da mahaɗin OBD-II, inda ake jona na'ura ta karanto lambar matsala. Bakaniken da ba shi da na'urar, ko yana da ita bai iya fassara lambar ba, sai ya koma canki-canka: yau a sauya filogi, gobe famfon mai, jibi a ce ƙwaƙwalwar motar ce. Kowane canki tafiya ce zuwa Ƙofar Ruwa ko Panteka da kuɗin mai mota.

Akwai kuma matsalar amana. Wa bai ji labarin motar da ta kwana a gareji aka wayi gari an zare mata "indomie", wato matatar hayaƙin salansa, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta ba? Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai mota zai biya dubban nairori a kan ƙarfe bai yi gardama ba, amma idan bakanike ya kwashe awa biyu yana bincike ya gano waya ce ta tsinke, sai a ce masa: "Ai ba ka yi komai ba." Wanda ba a biyan sa ladan tunani, a cikin cinikin kaya zai nemi abincinsa, kuma daga nan ne sauya abin da bai lalace ba ke samo asali.

Bakaniken da nake hulɗa da shi shekara tara ke nan yana karɓar kuɗin dubawa kafin ya ɗauki sifana. Wata rana motata ta riƙa jijjiga, wani gareji ya yanke hukuncin sai an sauke giya. Shi kuwa ya zauna a gefena muka zaga gari, ya jona na'urarsa, ya bi layin iska har ya tarar da roba ta tsage. Ya ce: "Dakta, robar ba ta da tsada, nemo ta ne aikin." Na biya shi yadda ya faɗa. Shi ne mai miƙo mini tsohon kayan da ya cire, mai bambance mini sabo da na Beljiyam da jabu, kuma idan matsalar ta wuta ce ya ce wannan ba fanninsa ba ne, ya haɗa ni da mai riwaya.

Saboda haka, mai neman bakanike ya fara da tambayar direbobin haya masu irin motarsa, domin su ne motarsu ba ta jure kwana a gareji. Ya gwada shi da ƙaramin aiki kamar juyen baƙin mai, ya lura ko yana tambaya kafin ya kwance. Idan ya same shi, ya biya shi kuɗin bincikensa da daɗin rai, ya kuma riƙe shi, domin bakaniken da ya san tarihin mota ya fi saurin gano ciwonta. Allah ya haɗa mu da masu amana, ya sa mu ma mu sauke haƙƙinsu.