Barci Ba Ragwanci Ba Ne

A ƙasarmu ta Makoda akan yabi mutum da ƙarancin barci. Sai ka ji an ce, "Wane ai namiji ne, shi ne ƙarshen kwanciya, shi ne farkon tashi." Ni kuwa wannan yabo tsoro yake ba ni, domin na ga magidanta masu ƙarfi, tun daga Koguna har Dambatta, waɗanda hawan jini ya shanye musu ɓarin jiki, gonarsu ta koma saura.

Ga yadda abin yake. Zuciya ba ta tsayawa dare da rana. Babban hutunta shi ne sa'ad da mutum yake barci, don a sa'an nan bugunta yakan lafa, ƙarfin jini kuma ya sauka da misalin kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Wanda ya gajarta barcinsa ya gajarta mata wannan hutu. In aka daɗe a haka, jinin yana iya hawa ya ƙi sauka, alhali mai shi bai ji ciwon kome ba. Saboda haka ne a shekarar 2022 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sa barci cikin abubuwa 8 masu tsare lafiyar zuciya, ta ce baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9.

To, mu yi lissafi. Manomi ya wuni yana noma, da dare ya tafi teburin mai shayi, ga goro, ga hira, har ƙarfe 12. Ƙarfe 5 ladan ya kira Asuba. Awa 5 ke nan. Da ya kwanta ƙarfe 10, da ya cika 7, bai kuwa rasa salla ko gona ba. Uwargida ma haka, ita da take riga kowa tashi.

Shawarata ita ce, a bar goro da shayi tun daga La'asar, don suna korar barci. A ɗaura gidan sauro, a ajiye waya. Mai yawan minshari, wanda numfashinsa yake sarƙewa cikin barci, ya ga likita. Kowa kuma ya riƙa zuwa asibiti ana auna shi. In awo ya yi ta kai 140 bisa 90, ya riƙe maganin da aka ba shi, gama barci kaɗai ba ya warkar da cutar.

Jama'a, jakin da aka hana hutu ba ya kai kaya gida.