Umarnin da ya san iyakarsa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwa da yawa a kan rubutu guda su ma suna da tasu wahalar. Duk ɗalibin kimiyyar harshe da ya taɓa haɗa kai da ƴan'uwansa wajen tattara kalmomi ya san ta. Kowa yana riƙe da kwafinsa, kowa yana gyara, ana ta aika wa juna ta WhatsApp, har a wayi gari babu wanda zai iya rantsewa cewa na hannunsa shi ne na ƙarshe. A wannan maƙala ina so in yi magana a kan wani ɗan umarnin kwamfuta da ya rage mana wannan wahala, da kuma dalilin da ya sa nake ganin darajarsa ta fi fitowa a wurin abin da yake ƙin taɓawa.

Mu huɗu ne muke tattara kalmomin noma da kiwo: ɗaya a Tawa, ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Damagaram, ni kuma a Yamai. Kundinmu fayil ne na zallar rubutu, kowane layi kalma guda, an raba shi gida-gida: kalmar kanta, furucinta tare da alamun karin sauti da tsawon wasali, ma'anarta, da garin da aka ji ta. Muna ajiye shi da Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a shekarar 2005 domin masu gina Linux. Ita Git ba ruwanta da ko abin da ke cikin fayil aikin injiniya ne ko kalmomin Hausa, layuka kawai take kwatantawa. Duk lokacin da mutum ya adana gyara, takan rubuta wanda ya yi shi, da ranar, da layukan da suka canza, kuma ba ta shafe abin da ya gabata.

A tsarin da muke bi akwai rumbu na tsakiya a intanet inda kowa yake kai aikinsa, sannan kowannenmu yana da cikakken kwafin rumbun a kwamfutarsa, har da tarihinsa duka. Aikin kuma ya rabu reshe-reshe. Akwai babban reshe mai ɗauke da abin da muka amince da shi gaba ɗaya, akwai reshen noma, akwai na kiwo, da wasu ƙanana da ake buɗewa don wata bukata, a rufe su in an gama. Matsalar ita ce rassan da ke kwamfutar mutum ba sa motsi da kansu. Idan abokina na Maraɗi ya ƙara kalmomi talatin a reshen noma ya tura, nawa reshen yana nan inda na bar shi. Umarnin git fetch yana ɗauko sababbin gyare-gyare daga rumbun tsakiya, amma ba ya matsar da rassana gaba. Shi kuwa git pull reshe ɗaya tak yake sabuntawa, wato wanda nake kansa a lokacin. Mai rassa bakwai sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, in kuwa ya tsallake wani, wata rana zai ɗora sabon gini a kan tsohon harsashi.

Maganin da muka samu shi ne umarnin hub sync. Hub ƙaramar manhaja ce da ake sarrafawa a tagar umarni, inda mutum yake rubuta wa kwamfuta abin da yake so maimakon ya latsa hotuna, kuma an gina ta ne domin sauƙaƙa aiki tsakanin Git da dandalin GitHub. Da zarar an rubuta waɗannan kalmomi biyu, sai ta ɗauko abin da ke rumbun tsakiya, sannan ta duba rassan mutum duka. Reshen da aka bari a baya kawai, wanda ba a ƙara masa komai a gida ba, sai ta tura shi gaba ya cim ma na tsakiya. Reshen da aka riga aka haɗe da babban reshe, aka kuma goge shi a rumbun tsakiya, sai ta share shi a nan ma, tunda ya gama amfaninsa. Reshen da yake ɗauke da gyaran da mai shi bai tura ba tukuna kuwa, ba ta taɓa shi. Gargaɗi kawai take rubutawa, ta wuce na gaba.

An yi wasu kayan aiki masu irin wannan manufa waɗanda suka fi ta zaƙewa. Git-up, alal misali, kan ɗauki gyaran da ba a tura ba ta sake ɗora shi a kan sabon da ya zo. Ga masu rubuta manhaja wannan yana iya zama sauƙi, domin suna da gwaje-gwajen da za su nuna musu nan take in wani abu ya lalace. Mu ba mu da irin wannan gwaji. Babu na'urar da za ta faɗa maka cewa furucin da aka rubuta ya saɓa wa abin da ya fito daga bakin mai magana.

Wannan ya bayyana mana a aikace. Ina da wasu kalmomi da na rubuta a reshen noma daga hirar da aka naɗa da wani manomi a ƙasar Adar, ban kai ga tura su ba. A cikin makon nan ne ɗaya daga cikinmu ya bi fayil ɗin ya daidaita rubutunsa da ƙa'idar da Nijar ta tsayar wa Hausa a 1999, ya tura. Da na kira hub sync, sauran rassa suka wuce gaba, reshen noma kuwa ya tsaya da gargaɗi. Da na kwatanta ɓangarorin biyu da git diff, sai na ga daidaitawar ba ta tsaya a gidan kalma ba, ta shiga har gidan furuci. Duk inda aka rubuta hwara an mayar da shi fara, hita ya koma fita. Ga mai neman ma'ana babu abin da ya ɓata. Ga mai nazarin karin harshe kuwa, abin da aka je nema ne ya tafi. Wannan hw da h a gurbin f yana cikin siffofin Hausar yamma da aka daɗe da sani, kuma Bernard Caron ya yi wa Hausar Adar cikakken littafi a 1991. Muna son mu ga ina wannan furuci ya kai a yau, a bakin wa, a wane gari. Fayil da aka goge masa shi ba zai amsa wannan tambaya ba.

Abin lura a nan shi ne, kalmomina suna ƙarshen fayil, gyaran abokina kuma yana sama. Layukan ba su yi karo ba. Da git pull aka kira a kan wannan reshe, Git za ta iya haɗe su lami lafiya, a sami kundi da rabinsa yake bin ƙa'idar rubutu, rabinsa yake bin kunne, babu wata alama da za ta ja hankalin kowa. Haɗuwar layuka ba tare da karo ba ba ta nufin an yi daidai. Tsayawar da umarnin ya yi ita ce ta mayar da maganar hannunmu, muka tattauna a salula, muka tsayar da doka: gidan kalma ya bi daidaitacciyar ƙa'ida, gidan furuci kuma ba mai taɓa shi sai wanda ya saurari naɗin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maido da tsohon furucin bai ɗauki lokaci ba, tunda tarihin yana ajiye.

Akwai kuma bambancin da ido ba ya gani. Fara ta gona, da fara mai nufin launi, da fara aiki, rubutunsu ɗaya ne a littafi, tsawon wasali da karin sauti ne ke raba su, shi ya sa muke sa musu alama. To, a tsarin Unicode ana iya rubuta à da lamba ɗaya, ana kuma iya rubuta shi da lambobi biyu, ta wasali da ta alama. A fuskar kwamfuta kamanninsu ɗaya, amma Git za ta ce layin ya canza, kuma mai neman kalma zai iya samun ɗaya ya rasa ɗayan. Haka nan ƴ ta Nijar da 'y ta Nijeriya, da masu rubuta k' in sun rasa ƙ. Reshen da ya daɗe ba a sabunta shi ba yakan tara irin waɗannan, har haɗe shi ya zama aikin yini guda. Wanda ake sabuntawa kullum, layi biyu ko uku ne za a duba.

Dole kuma a faɗi iyakar abin. Da ba ni da gyaran da ban tura ba a ranar, da hub sync ya tura reshena gaba, daidaitawar ta shigo ba tare da gargaɗi ba. Umarnin yana kare aikin da ke hannunka ne, ba ya tantance wanda ya zo daga wasu. Saboda haka bayan kowace sabuntawa nakan karanta git log in ga wa ya canza me. Sannan Git ba ta iya haɗe fayilolin sauti ko na Word layi-layi, don haka naɗe-naɗenmu muna ajiye su a wani wuri dabam, zallar rubutu kaɗai ke shiga rumbu.

A halin da muke karatu, akwai wani amfani da ba ƙarami ba. Intanet yana da tsada, lantarki yana ɗaukewa, kuma mai aikin fili yakan kwana biyu a ƙauyen da babu layi. Git tana adana gyara, tana buɗe reshe, tana nuna tarihi, duk ba tare da intanet ba. Ɗaukowa da turawa ne kaɗai ke bukatarsa, kuma bambancin da aka samu kawai ake ɗaukowa, ba fayil ɗin duka ba. Minti ɗaya na layi mai kyau ya isa mutum ya sabunta rassansa duka kafin ya hau mota.

Ina ganin ya dace a ba wannan gurbi a darasin dabarun bincike, kusa da koyon naɗar magana da rubuta furuci. Umarnin da ɗalibi yake bukata ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma zama biyu ko uku sun isa a koya su. Abin da ya fi wuya shi ne rukuni ya zauna tun farko ya amince a kan wane gida ne kowa zai iya gyarawa, wanne ne kuma yake hannun wanda ya ji da kunnensa. Wannan shawara babu manhajar da za ta yanke mana ita, kuma gara a yanke ta kafin a rubuta kalmar farko.